Bayan intabiyu: yadda ake karanta abin da malaman jami'a suka faɗa a kanka

A gida ba mu saba da wannan ba. Ka zana JAMB, ka zana jarrabawar tantancewa ta jami'ar da ka zaɓa, a haɗa maki, ka leƙa shafin CAPS ka ga an ba ka ko an hana ka. Lamba ce, ba ta da harshen damo. Shi ya sa ɗalibinmu da ya nemi Oxford ko Cambridge, ko makarantar likitanci a Birtaniya, ko gurbin digiri na uku a can, yakan rasa inda zai sa kansa idan ya zauna gaban malamai biyu na tsawon minti 25, suka yi ta murmushi, sannan bayan wata guda wasiƙa ta zo da "a'a" da layi huɗu na Turanci mai santsi. Wani ya ɗauki wasiƙar a matsayin hukunci kan basirarsa, wani ya ce ai dama son kai ne. Dukansu ba su karanta ta yadda aka rubuta ta ba.

Abin da ɗalibi ke samu iri uku ne: abin da ya gani ko ya ji a ɗakin intabiyu, da wasiƙar bayanin dalili, da makin da aka rubuta masa. Na farkon kusan ba shi da amfani, na biyun akwai tsaba a cikinsa amma sai an sheƙe, na ukun shi ne mai nauyi. Abin takaici, mutane sun fi kwana suna juya na farkon a ransu, na ukun kuwa ba sa ma nemansa.

Fuskar malami

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A ɗakin intabiyu wannan magana ba ta aiki. A makarantun likitanci da yawa ana horar da masu tantancewa kan kada su nuna ko amsa ta gamsar da su, domin kowane ɗalibi ya tarar da yanayi iri ɗaya. Wanda ya ɗaure maka fuska yana rubutu, aikinsa yake yi. Wanda kuma ya yi ta gyaɗa kai, mai yiwuwa ƙoƙari yake ya kwantar maka da hankali saboda ya ga kana rawar murya.

A Oxford da Cambridge intabiyu samfurin darasi ne. Tsarin karatunsu ya ginu a kan malami ɗaya ya zauna da ɗalibi biyu ko uku su yi ta tauna matsala, don haka abin da suke dubawa shi ne ko za ka koyu ta wannan hanya. Sukan fara da tambaya mai sauƙi, su yi ta ƙara mata nauyi har sai sun kai ka inda ka tsaya. Kowa sai ya tsaya a wani wuri. Ɗalibin da ya fito yana gumi yana cewa ya kasa tambayar ƙarshe, ta yiwu ya hau mataki na biyar ne, alhali wanda ya fito yana fara'a an ƙare lokaci yana mataki na biyu. Ba ƙa'ida ba ce, wani lokaci wahalar alamar faɗuwa ce da gaske. Abin lura dai shi ne, yadda ka ji a jikinka ba ma'auni ba ne.

Sai ladabin Turawan Ingila, wanda ya yi kama da namu a wani fanni: ba sa ce wa baƙo ya yi kuskure kai tsaye. Idan malami ya ce amsarka "interesting" ce, ba yabo ba ne kuma ba zagi ba ne. Sau da yawa yana nufin bai zaci za ka bi ta nan ba, kuma zai so ya ga ko za ka iya kare ta. Idan ya ce bari mu duba ta wata fuskar, to hanyar da ka ɗauko ba ta ɓullewa, ka sake ta.

A Oxford, wadda ta kasu zuwa kwalejoji da yawa, akan kira ɗalibi zuwa intabiyu a kwaleji ta biyu bayan wadda ya zaɓa, sai ka ji ana ta fassara: wasu su ce ta farkon ta ƙi shi, wasu su ce ya yi fice. Ba ko ɗaya. Hanya ce ta daidaita ma'auni tsakanin kwalejoji, kuma jami'ar da kanta tana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake ɗauka suna samun gurbi ne a kwalejin da ba ita suka zaɓa ba. A Cambridge kuma akwai rumbun da ake zuba takardun ɗalibai masu ƙarfi a watan Janairu domin wasu kwalejojin su zaɓa. Wannan kam alama ce ta gaskiya: idan an sa ka a rumbun, kwalejin tana ganin ka cancanci wata ta duba ka, ko da a ƙarshe ba wadda ta ɗauke ka.

A Amurka abin ya ma fi yaudara. Mai yi maka intabiyu a manyan jami'o'i irin su Harvard galibi tsohon ɗalibi ne mai aikin sa kai, ba ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ba, kuma ba ya ganin takardun neman gurbinka. Idan ya ce zai rubuta maka rahoto mai kyau, gaskiya ya faɗa, zai rubuta. Sai dai rahotonsa takarda ɗaya ce cikin fayil, a jami'ar da ke ɗaukar ƙasa da mutum 5 cikin kowane 100.

Wasiƙar bayanin dalili

Kafin ka karanta ta, ka san wanda ya rubuta ta da halin da ya rubuta ta a ciki. Yawanci malamin da ke kula da ɗaukar ɗalibai ne ko ma'aikacin ofishinsa, makonni bayan intabiyu, yana duba 'yan rubuce-rubucen da aka yi a lokacin, ga kuma wasiƙu irin taka jibge a gabansa. Yana sane cewa duk kalmar da ya rubuta za a iya kafa hujja da ita a ƙorafi. Don haka yakan yi taka-tsantsan, ya cika ta da jimlolin da ba za su jawo masa magana ba.

Ga gwajin da ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Ka rufe sunanka da yatsa, ka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: za a iya aika wa kowane ɗalibin da aka ƙi wannan jimla ba tare da an canza komai ba? Idan za a iya, soke ta. "Gasar bana ta yi zafi" gaskiya ce, domin Oxford kan karɓi takardun mutum sama da 20,000 a shekara, ta kira kimanin 10,000 intabiyu, gurabe kuwa wajen 3,300 ne. Ke nan cikin kowane mutum uku da suka zauna gaban malamai, biyu gida za su koma. Amma wannan ba ya gaya maka komai a kanka. Abin da ya rage bayan ka gama sokewa, ko da rabin jimla ne, shi ne naka.

Ka kuma lura da tsarin jimlar. Yabo kan zo a gaba, sannan "sai dai". Abin da ya biyo bayan "sai dai" shi ne dalilin. Yabon ba ƙarya ba ne, amma ba shi ya yanke hukunci ba. Haka nan kusan kowace jimla kwatance ce ko da ba a faɗa ba: idan aka ce ba ka nuna zurfin nazari ba, ana nufin idan aka jera ka da waɗanda aka ɗauka a wannan fanni a wannan shekara, ba da 'yan ajinku ba.

Akwai 'yan jimlolin da ke yawan maimaituwa, kuma kowacce tana nuni ga wani abu takamaimai da ya faru a ɗakin.

Idan aka ce ka buƙaci taimako mai yawa kafin ka ci gaba, abu biyu ne ke iya faruwa, kuma maganinsu ya bambanta. Ko dai tushenka ne bai yi ƙwari ba, har sai da aka tuna maka abin da ya kamata a ce ka sani, ko kuwa an haska maka hanya ba ka bi ba. Na biyun ya fi yawa kuma ya fi kashe maki. Malami ya ce, "Me zai faru idan wannan lambar ta yi girma sosai?" ɗalibi ya ce to, sannan ya koma kan lissafin da yake yi tun farko kamar ba a yi magana ba. A wurinsu karɓar haske ba aibi ba ne, kowa ana haska masa. Abin da ake aunawa shi ne tsawon tafiyar da ka yi da hasken da aka ba ka.

Idan aka ce ka sha wahala wajen amfani da abin da ka sani a kan matsalar da ba ka saba gani ba, a taƙaice ana nufin hadda. A nan ne da yawa daga cikinmu ke faɗuwa, kuma ba don rashin ƙoƙari ba. Mun taso a tsarin da ke sakanta wa wanda ya maido da abin da aka ba shi daidai, kuma mun iya hakan ƙwarai. Amma idan aka ce wa mai neman lissafi ya zana yadda layin sin x a kan x zai kasance, ba a tsammanin ya taɓa ganinsa. Ana so ne a ji ya ce: bari in ga inda zai taɓa sifili, bari in ga abin da ke faruwa kusa da sifili, bari in ga yadda yake idan x ta yi nisa. Duk waɗannan ya san su ɗai-ɗai. Haɗa su ne jarrabawar. Ƙara karanta littafin aji ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne zama da matsalolin da babu irinsu a manhaja, kana warware su da baki.

Idan aka ce ba ka bayyana yadda kake tunani ba, ko an sha wahala kafin a jawo ka cikin magana, to shiru ne ya ci ka. A tarbiyyarmu yaro mai kunya ba ya sakin baki gaban malami sai ya tabbatar da abin da zai faɗa, kuma hakan abin yabo ne a muhallinsa. A intabiyu kuwa malami na riƙe da takardar da zai cike, kuma ba zai ba da maki a kan abin da ke cikin kanka ba. Shirun daƙiƙa 40 sau biyar ya haura minti uku, a ganawar da duka-duka minti 25 ce. Ɗalibin da ya ce, "Ina tunanin in gwada kaza, amma ina ganin ba zai yi ba saboda kaza," ya ba malamin abin rubutawa ko da bai kai ga amsa ba.

Akwai kuma jimloli biyu kishiyoyin juna: ya kafe a kan ra'ayinsa, da ya yi saurin sakin ra'ayinsa. A ganina ta biyun ta fi kama ɗalibanmu. Malami ya ce, "Ka tabbata?" sai ɗalibi ya janye amsar da take daidai, don a wurinsa tambayar malami gyara ce. Alhali malamin gwada shi yake. Abin da ake so shi ne ka sake bin hujjarka a fili. Idan ta tsaya ka ce ta tsaya ga dalili, idan an kawo maka sabon abin da ya rushe ta ka ce ka canza ga dalili. Canza ra'ayi saboda hujja maki ne, canza shi saboda girman mai tambaya asara ce.

Wadda ta ce amsoshinka sun yi kama da shiryayyu ba ta buƙatar dogon sharhi: an tambaye ka abu ɗaya ka amsa makwabcinsa, domin shi ka haddace. Haka wadda ta ce karatunka bai wuce manhaja ba. Galibi ka ambaci wani littafi a takardar bayanin kanka, aka tambaye ka inda ba ka yarda da marubucin ba, ka kasa.

A likitanci kalmar da ke rikita mutane ita ce "reflection", wato waiwaye a kan abin da ka gani da darasin da ka ɗauka. Ɗalibi zai ce ya yi mako biyu yana bin likita a asibiti, ya ga tiyata, ya ga haihuwa, sai a rubuta masa cewa waiwayensa ya yi rauni, shi kuma ya rasa gane laifinsa. Laifin shi ne ya ba da labari ne kawai. Da ya ɗauki abu ɗaya, misali yadda likita ya shaida wa dangin majinyaci labari mara daɗi, ya faɗi abin da ya lura, da abin da ya dame shi, da abin da hakan ya koya masa game da aikin da yake nema, da ya cika sharaɗin. Asibitin ƙaramar hukuma ya wadatar ga wannan, ba sai babban asibitin koyarwa ba.

Maki

A nan gizo ke saƙa. Lamba ita kaɗai ba ta da ma'ana sai ka san abu uku: a kan nawa aka ba da ita kuma ta wane ɓangare ake hawa, nawa waɗanda aka ɗauka suka samu, kuma wane nauyi intabiyu ke da shi a jimillar hukunci.

Na farkon kamar wasa ne amma yana ɓatar da mutane. A Cambridge ana amfani da ma'aunin 1 zuwa 10, kuma 10 ce ƙololuwa. Wasu sassan Oxford, kamar na lissafi, suna amfani da 1 zuwa 9. A Harvard kuwa, kamar yadda ya fito fili a shari'ar da aka yi a Boston a 2018 kan yadda jami'ar ke ɗaukar ɗalibai, ma'aunin 1 zuwa 6 ne kuma 1 ce mafi kyau, ana ƙara mata alamar ƙari ko ragi. Mai 2 a can yana sama, mai 2 a Cambridge yana ƙasa.

Kada kuma ka mayar da makin zuwa kashi cikin ɗari irin na makaranta. Shida a kan tara ba "kiredit" ba ce. Kowace lamba a ma'aunin tana da ma'anar da aka rubuta mata, daga "lallai a ɗauka" zuwa "yana kan iyaka" zuwa "bai dace ba", kuma yawancin waɗanda aka kira intabiyu a tsakiya suke cunkushe, tunda an riga an tace su. Rabin maki na iya raba mutum da gurbi. Wanda ya ga an ba shi 6 ya yi murna, ko ya ga 7 ya yi mamakin rashin ɗaukarsa, bai tambayi abu na biyu ba ne.

Abu na biyu da na uku sau da yawa suna nan a fili, ba a dubawa ne kawai. Sassa da dama a Oxford, irin su lissafi da fiziks, sukan wallafa rahoto bayan kowane zagayen ɗaukar ɗalibai, da ke nuna yawan masu nema, da waɗanda aka kira, da yadda makin jarrabawar shiga ya rarrabu tsakanin waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka bari. Ka ajiye makinka kusa da wannan rahoto. Sau da yawa ɗalibi zai yi wata shida yana zargin intabiyu, alhali da ƙyar makin jarrabawarsa ya kai shi ɗakin, kuma sai da ya yi abin mamaki a intabiyu kafin ya cike giɓin.

A likitanci yawancin makarantun Birtaniya suna amfani da tsarin da ake kira MMI, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar McMaster ta Kanada a farkon shekarun 2000. Maimakon doguwar ganawa ɗaya, ɗalibi kan zagaya tashoshi, galibi shida zuwa goma, kowacce minti biyar zuwa goma, da mai ba da maki daban. Hikimar ita ce kada ra'ayin mutum ɗaya ya yanke hukunci. Wannan ya sa makinsa ya fi sauƙin karantawa. A ɗauka, don misali kawai, tashoshi bakwai ne kowacce a kan 10. Ɗalibi na farko ya sami 8, 8, 7, 8, 3, 8, 7. Na biyu ya sami 7 a kowacce. Jimillarsu ɗaya, 49, amma matsalarsu ba ɗaya ba ce. Na farko yana da rami guda: ya gano tashar, ko ta ɗa'ar aikin likita ce ko ta wasan kwaikwayo da majinyaci, ya cike ta. Kuma idan tasha ɗaya ce tal, a bar wa tsautsayi nasa kason, ta yiwu bai fahimci umarnin da aka liƙa ba ne. Na biyu aikinsa ya fi yawa, domin abin da ke rage masa maki yana bin sa kowace tasha, kuma galibi salon magana ne: doguwar shimfiɗa kafin a kai ga batu, ko amsa ba tare da misali ba. Wasu makarantun kuma suna da dokar cewa idan mai tantancewa ya ɗaga alamar damuwa kan hali ko amana, hakan na iya kayar da ɗalibi komai yawan jimillarsa.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. A Ingila gwamnati ta ƙayyade kason ɗaliban ƙasashen waje a karatun likitanci, kimanin kashi 7.5 cikin ɗari na gurabe. Don haka ɗan Najeriya ko Ghana ba da 'yan ƙasa yake gasa ba, layinsa daban ne. Idan za ka tambayi makin da aka yanka a kai, ka ce na ɗaliban waje kake so. In ba haka ba za ka ga makinka ya haura wanda aka wallafa, ka ɗauka an zalunce ka.

Yadda ake nema

Ba ko'ina ake aiko da bayani haka kawai ba, sai an tambaya, kuma akwai wa'adi, yawanci 'yan makonni bayan fitowar sakamako a Janairu. A Oxford kwalejin da ta duba takardunka ake rubuta wa. A Cambridge, a da, kwalejoji da yawa sun saba aika bayanin ga malamin da ya rubuta wa ɗalibi takardar shaida maimakon shi ɗalibin. Ka rubuta da kanka. Idan mahaifi ko wakilin neman makaranta ya rubuta, dokar kare bayanan mutum na hana su amsa masa sai da izininka a rubuce.

Imel ɗin ya zama gajere: cikakken suna, lambarka mai lambobi goma ta UCAS (hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta a Birtaniya), fannin da ka nema, sannan tambayoyi masu amsa. "Me ya sa ba a ɗauke ni ba?" tana jawo amsar da ake ba kowa. Ka tambayi makinka a kowace ganawa, da ma'aunin, da matsakaicin makin waɗanda aka ɗauka a rukuninka, da ɓangaren da ka fi rauni a cikin takardunka. Ban da gardama, ban da lissafa lambobin yabon da ka ci a sakandare.

Idan amsar ba ta ƙosar ba, akwai ƙofa ta biyu. Dokar kare bayanai ta Birtaniya, wadda ta haɗa da ta 2018, ta ba kowa damar neman kwafin bayanan da wata hukuma ke riƙe da su a kansa, ko ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba. Kyauta ne, kuma wajibi ne su amsa cikin wata guda, sai dai suna iya ƙara wata biyu idan buƙatar tana da sarƙaƙiya. Ta nan ake samun maki da rubutun hannun masu intabiyu. Ka shirya ranka: rubutun gajere ne, ba a yi shi don idonka ba, kalma uku na iya zama duk abin da aka ce a kan minti goma na ƙoƙarinka. Za a iya toshe sunayen mutane, kuma takardar shaidar da aka rubuta a asirce doka ta yarda a riƙe ta. Ka nema da wuri, domin ba a ajiye takardun waɗanda ba a ɗauka ba har abada. Alƙaluman jama'a kuwa, kamar matsakaicin maki, ana neman su ne a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, wadda ta ba da kwanakin aiki 20, kuma shafin WhatDoTheyKnow cike yake da amsoshin da wasu suka riga suka samo.

A Amurka ba haka ba ne. Dokar FERPA ta 1974 tana ba ɗalibi damar ganin fayil ɗinsa cikin kwana 45, amma sai wanda ya shiga makarantar. Wanda aka ƙi ba shi da wannan haƙƙi, kuma jami'o'in ba su saba bayyana dalili ba.

Batun ɗaukaka ƙara kuwa, a san iyakarsa. Jami'o'in Birtaniya ba sa sake duba hukuncin da malamai suka yanke bisa ilimi. Abin da suke saurara shi ne saɓa ƙa'idar aiki ko nuna bambanci. Wannan ya sa matsalar wuta da intanet ke buƙatar hanzari, musamman tunda Oxford ta mayar da intabiyunta ta intanet tun 2020. Idan layi ya yanke ko murya ta riƙa sarƙewa har ka rasa tambaya, ka faɗa nan take, kuma ka aika wa ofishin kwalejin imel a ranar, da lokacin da abin ya faru. Ƙorafin da ya zo bayan sakamako ya fito ba ya da ƙarfi.

Masu neman digiri na uku nasu karatun daban ne. Malamin da ya ce zai yi farin cikin duba aikinka gaskiya ya faɗa, amma sau da yawa ba shi ke raba kuɗi ba. Wani kwamiti ne ke jera sunaye. Gurbi daban, tallafi daban, kuma wasiƙar gurbi ba tare da kuɗi ba tana nufin ka cancanta amma ba ka shiga sahun farko ba. Ita ce dai takardar da za ka iya kai wa masu ba da tallafi irin su PTDF ko TETFund idan ka cika sharuɗɗansu. Idan aka ce batunka ya yi faɗi, ana nufin ba a ga tambaya guda da za a iya amsawa cikin shekara uku ko huɗu ba. Idan aka ce bai dace da sashen ba, ka ɗauke shi a zahirinsa, babu malamin da ke wannan fanni ko kuma hannunsa ya cika; ka kai shi wani wuri ba tare da ka rushe shi ba.

Abin yi da shi

Wasiƙar ba ta da amfani sosai idan babu abin da za a gwada ta da shi. Don haka a ranar intabiyu, cikin rabin awa da gamawa, ka rubuta tambayoyin da aka yi maka a jere, inda ka tsaya, abin da malami ya ce a lokacin, da abin da ka yi bayan ya faɗa. Ka ajiye wa kanka kawai, domin makarantu da yawa sun hana yaɗa tambayoyinsu, ɗaukar murya ma haramun ne a dokarsu. Idan bayanin ya zo a Fabrairu, ka ajiye su gefe da gefe. "Bai yi amfani da taimako ba" sai ta zama wani minti takamaimai da kake iya tunawa.

Ka fitar da rauni ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sannan ka nemi malamin da bai san ka ba, ba wanda yake ƙaunarka ba, ya yi maka gwaji na minti 25 a kan abin da ba ka taɓa gani ba, ka ɗauki muryarka, ka saurara kana ƙirga daƙiƙun shiru da lokutan da ka janye amsa ba tare da an kawo maka hujja ba. Sau huɗu ko biyar a tsakanin makonni ya fi sau goma a mako ɗaya.

Sake nema kuwa lissafi ne. Idan makinka na dab da layi, kuma kafin zagaye na gaba sakamakonka na ƙarshe zai kasance a hannu maimakon hasashen malamai, akwai hujjar sake gwadawa. Idan tazarar tana da faɗi a jarrabawa da intabiyu duka, shekara guda tana da tsada, gara ka riƙe gurbin da wata jami'ar ta ba ka. Wanda ya yanke shawarar komawa ya tuna cewa ba a neman Oxford da Cambridge tare a shekara ɗaya, cewa a likitanci makarantu huɗu kawai ake zaɓa cikin gurabe biyar na UCAS, kuma ana rufe karɓar takardu ranar 15 ga Oktoba. Rajistar jarrabawar shiga tana rufewa kafin wannan rana, ita UCAT ma, wato jarrabawar masu neman likitanci, tsakanin Yuli da Satumba ake zana ta.